Tun Ran Gini, Ran Zane: Jawabi a Kan Sa Famfo a Gida

  Yau maganarmu a kan ruwa ce, watau yadda mutum zai shigo da shi cikin gidan da ya gina da kansa, da yadda zai fid da shi in an gama amfani da shi.

Kun dai san yadda muke gini a ƙasarmu. Ba safai mutum ke samun kuɗin gida gaba ɗaya ba. In kaka ta yi, ya sayar da gyaɗa ko masara ko shinkafa, sai ya sayi bulo 200, ko kuwa ya sa a yi masa tubali. Bana ya ja katanga, baɗi ya ta da ɗaki, wata shekara ya rufa kwano. Wannan hanya ce mai kyau, gama ba ta jefa mutum cikin bashi. Amma tana da aibi guda. Galibinmu ba mu tunawa da ruwa sai an gama gini, an yi daɓe, an yi shafe, iyali sun tare. Sa'an nan ne za a kira mai aikin famfo, ya zo da guduma, ya shiga fasa abin da aka kashe kuɗi aka gina.

Mutanen dā sun ce, tun ran gini, ran zane. Aikin famfo ma haka yake. Ranar da ka auna fili za ka haƙa harsashi, ranar ya kamata ka san inda ruwanka zai fito, da hanyar da zai bi, da inda zai tafi. Ko ba ka da kuɗin bututu ko ɗaya a ranar, sanin nan kaɗai zai tsirar maka da dukiya mai yawa. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

INA RUWAN ZAI FITO?

Famfo ba ya haifar da ruwa. Ruwan da aka ba shi, shi yake kawowa. Saboda haka kafin ka sayi kan famfo, ka tabbata kana da abin da za ka zuba a ciki.

Ƙasarmu tana kusa da babban ruwa. An gina madatsar Tiga a kan kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ga kuma Ruwan Kanya a nan ƙasar Rano. Amma ruwan da ke bi ta manyan hanyoyin nan na noman rani ne. Yawancin gidajen ƙauye, da rijiya suka dogara, ko rijiyar burtsatse, ko famfon tuƙa-tuƙa na unguwa, ko masu garuwa.

Duwatsun nan da muke gani a Rano ba a bisa kaɗai suke ba. Irinsu ne shimfiɗe a ƙarƙashin ƙasarmu duka. Ruwa ba ya zama cikin dutse mai ƙarfi. Yana kwanciya ne cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke bisansa, da cikin tsagogin dutsen. Shi ya sa za ka ga maƙwabta biyu, wannan ya haƙa ya sami ruwa, wancan ya haƙa ya tarar da fā. Shi ya sa kuma rijiyar da ta cika maƙil a watan Agusta takan koma ƙwarya biyu a watan Afrilu.

To, sai mu fara da lissafi. Masana lafiya sun ce, in an matsa ƙwarai, mutum guda na bukatar lita 20 a rana. In kuwa akwai famfo a tsakar gida, ana wanka da wanki ba tare da ƙyashi ba, sai a ƙiyasta masa lita 50. A ce gidanka mutum 10 ne. Lita 50 sau 10, lita 500 ke nan, watau jarka 20 mai cin lita 25, kowace rana ta Allah. Ban da akuya da tunkiya da shanun huɗa. Ku lura, ranar da ruwa ya zo da sauƙi, ranar shan sa ke ƙaruwa. Wanda ya sha wuyar jan guga ba ya zubar da ruwa banza, amma mai murɗa famfo bai san nauyinsa ba.

Ka gwada rijiyarka da bazara, lokacin da ruwa ya fi ja da baya. Ka yi ta ja kana ƙidaya guga har ka kai ƙasa. Kashegari da safe ka duba ko ta mayar da abin da ka ɗiba. In ta ba ka abin da gidanka ke bukata, to, ka iya sa mata inji. In ba ta ba ka ba, kada ka sa, gama injin da ya yi ta juyi babu ruwa ƙonewa yake yi.

Mai niyyar haƙa burtsatse, kada ya nuna wuri da yatsa ya ce a haƙa nan don ya fi kusa da ɗakinsa. A kira masu na'urar auna ƙasa su duba tukuna. Sa'an nan a rubuta sharaɗi da masu haƙa, a gaban shaidu: zurfin nawa za su haƙa, nawa ne kuɗin, wa zai ɗauki hasara in ba a sami ruwa ba. Kuɗin burtsatse ya fi ƙarfin mutum guda a yawancin ƙauyukanmu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gida 5 ko 6 sun iya haɗa kai su haƙa guda, su sa mata injin hasken rana, kowa ya ja bututu zuwa gidansa, a kuma riƙa tara kuɗin gyara wata-wata.

Akwai kuma ruwan da muke bari yana wucewa, watau na bisa kwano. A ce rufinka tsawonsa mita 10 ne, faɗinsa mita 5. In aka yi ruwan da zai taru cikin gwangwanin da aka ajiye a fili har kaurin babban yatsa, watau milimita 20, to, lita 1,000 ta sauka a kan rufin nan, jarka 40 ke nan a dare guda. Indararo mai kyau da bututu guda sun isa su kai shi tanki. Amma a bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsu ya zube tukuna.

Abu guda kada mu manta. Bututu ba ya tsarkake ruwa. In ƙazami ya shiga, ƙazami zai fito. Dattawa a cikinmu sun san wahalar kurkunu. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar babu shi a Nijeriya, abin da ya kore shi kuwa shi ne tace ruwa da samun rijiya mai tsabta. Amma amai da gudawa da taifot suna nan. Ruwan tafki da na hanyar noman rani, in tilas ta sa za a sha, a tafasa shi.

TANKI DA TSAYINSA

Me ke tura ruwa cikin bututu har ya fito da ƙarfi? Tsayi ne. Ruwa daga bisa yake gangarowa, ba ya hawa da kansa. Da aka yi wa birnin Kano ruwan famfo a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, daga kogin Challawa aka jawo shi, aka tura shi ma'aji a kan Goron Dutse, daga can yake gangarowa cikin gari. Tankin gidanka shi ne Goron Dutsenka.

In kan famfo guda kake so a tsakar gida, dakali mai tsayin ƙirji ya isa. In kuwa kana son ruwan wanka mai zubowa daga bisa, lalle gindin tanki ya ɗara wurin da ruwan ke fitowa da kamar ƙafa 6, in ba haka ba sai ya riƙa ɗiga kamar hawaye.

Sai maganar nauyi, nan ne haɗari yake. Lita guda ta ruwa kilo guda ce. Tanki mai cin lita 1,000, in ya cika, nauyinsa kilo 1,000 ne, daidai da buhun siminti 20. Wane ne a cikinmu zai jibge buhun siminti 20 a kan soron ƙasa ya kwanta a ƙarƙashi? Kada a ɗora tanki a kan azara, ko a kan katangar tubali, ko a kan bulon da aka jera babu rodi. A yi masa hasumiya tasa dabam, ta ƙarfe ko ta bulo da kankare, mai harsashi mai zurfi. Gindin tankin ya zauna duka a kan shimfiɗa madaidaiciya. Kada a kafa ta inda yara ke wasa ko inda mata ke girki.

A rufe tanki kullum, don sauro da ƙadangare da ƙura. Wanda haske ba ya ratsa shi ya fi, gama haske ne ke sa gansakuka. A wanke shi aƙalla sau biyu a shekara. Wayar inji kuma, a kira wanda ya san aikin lantarki. Ruwa da wuta ba su haɗa hanya.

TA INA ZAI BI?

Kafin a ja layi, maigida ya zauna da matan gida. Su ne suka san inda ake wanke-wanke, da inda ake wa yara wanka, da inda ruwa ke kwanciya in an yi sama. Sau da yawa maigida yakan sa famfo inda ya ga ya yi kyau, mata kuwa su ci gaba da ɗaukar bokiti suna ratsa tsakar gida.

Ka tara wuraren ruwa a kusurwa guda. Wurin wanka, da bayan gida, da wurin wanke-wanke, su kasance kusa da juna, a ɓangaren gida da ya fi gangara. Bututu zai gajarta, mahaɗai su ragu. Yoyo kuwa galibi a mahaɗi yake farawa.

Ga wata dabara mai araha. Lokacin da magini ke ɗora harsashi, duk inda ka san bututu zai ratsa bango wata rana, ka sa guntun bututu mai faɗi a wurin, a yi gini a kansa, a toshe bakinsa da takardar buhun siminti. Ko bayan shekara 3 ka sami kuɗi, sai a zare takarda a zura bututu. Ba fasa bango, ba tsaga. Haka kuma kafin a yi daɓen wurin wanka, a binne bututun fitar ruwa tukuna.

Masu ginin ƙasa, ku saurara da kyau. Kada a binne bututun ruwa cikin bangon ƙasa. Kun ga abin da rariya ke yi wa gindin katanga da damina. To, wannan a fili yake, ana gani ana gyarawa. Yoyon cikin bango kuwa a ɓoye yake cinsa, dare da rana, har ranar da bangon zai zauna, watakila da mutane a ɗaki. Bututu ya bi ƙasa, nesa da gindin bango da kamar ƙafa 3. Inda zai hau, ya hau a fili, inda ido ke ganinsa. Wurin wanka kuwa, ko gidan duka na ƙasa ne, a daure a gina shi da bulo, a shafe shi da siminti, a ba daɓensa gangara zuwa mafitar ruwa.

Bututu iri-iri ne. Na ƙarfe yana da ƙarfi, amma yana da tsada, yana kuma tsatsa. Na roba ya fi araha da sauƙin aiki. Amma na roba kashi biyu ne, akwai mai kauri na ruwan da ke da ƙarfi, akwai marar kauri na ruwan datti. A ido sun yi kama. Wanda ya sa marar kauri a hanyar tanki don ya rage kuɗi, zai saya sau biyu. Araha ba ta ado. Akwai rubutu a jikin bututun kirki, mai faɗin girmansa da ƙarfinsa. Ku karanta shi kafin ku biya. A yawancin gidaje, inci 1 ne ke saukowa daga tanki, rabin inci ke zuwa kan famfo, inci 2 ke ɗaukar ruwan wanka, inci 4 ke ɗaukar na bayan gida.

Rana tana cin bututun roba. Wanda ya shekara a fili yakan bushe, jaki ya taka ya fashe. A binne shi zurfin ƙafa ɗaya da rabi ko 2, ya fi haka inda amalanke ko mota ke bi. Ƙasarmu mai tsakuwa ce, saboda haka a shimfiɗa yashi a ƙarƙashinsa da bisansa, kada kaifin dutse ya huda shi. Wanda ya rage a fili a shafa masa fenti. In za a haɗa biyu, a yanke baki daidai, a goge ƙura, a shafa gam, a tura, a riƙe kaɗan, a bar shi ya kama kafin a saki ruwa. Kada a gasa bututu a wuta don a lanƙwasa shi. A sayi gwiwa.

A sa makulli a gindin tanki, da wani a bakin kowane reshe. In wuri guda ya lalace, sai a rufe shi kaɗai, sauran gida na shan ruwa.

Sa'an nan, kada a mayar da ƙasa, kada a yi shafe, sai an gwada. A cika tanki, a rufe kan famfo duka, a sa alama inda ruwa ya tsaya, a kwana. In da safe ya sauka, akwai yoyo, a bi mahaɗai ɗaya ɗaya da busasshen hannu. Kada ku raina ɗigo. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa yana zubar da kimanin jarka guda a kwana. Mai shakka ya tara masa kwano ya gani.

Daga ƙarshe ka ɗauki takarda da fensir ka zana gidanka, ka ja layi duk inda bututu ya bi, ka rubuta ƙafa nawa ne daga bango. Ka adana ta tare da takardar fili. Wata rana ɗanka zai zo haƙa harsashin ɗakin amaryarsa, takardar nan ce za ta hana diga ta sari bututu.

INA ZAI TAFI?

Wannan ita ce tambayar da aka fi mantawa, ita ce kuwa ta fi nauyi. Lita 500 ɗin nan da ta shigo da safe, yawancinta za ta fita kafin dare, ta zama ƙazanta. Dā, da ake wanka da rabin bokiti, rariya ta isa, rana ta busar. Yanzu kuwa in aka sake shi lungu, sai kwata ta kwanta, sauro ya samu gida, gindin katangar maƙwabci ya jiƙe, a wayi gari ana gaban mai unguwa. Saboda haka a shirya ƙofar fita kafin ƙofar shiga.

Ruwan datti ba shi da tanki a bisa mai tura shi. Gangara kaɗai ke tafiyar da shi. Ga bututu mai inci 4, kowace ƙafa 10 ya sauka inci 3. In gangarar ta gaza, sai ƙazanta ta kwanta ta toshe. Kada a auna da ido. A yi amfani da igiya da tiyo mai ruwa a ciki, irin na magina. A miƙe hanya sosai. Inda tilas a karya kwana, a gina ɗan akwati mai murfi, don in ya toshe a buɗe a zura sanda.

Ƙarƙashin kowane masai na zamani akwai lanƙwasa wadda ruwa ke zama a cikinta kullum. Ruwan nan shi ne ƙofar da ke hana wari da ƙuda da kyankyaso dawowa. Wurin wanka ma yana son irinta. Ramin kuma a sa masa bututun shan iska, ya wuce tsayin rufi, a ɗaure bakinsa da ragar sauro.

Wane irin masai za a sa? Mai tankin ja yana da kyaun gani, amma wani yakan zubar da lita 9 a ja guda. Mutum 10, kowa sau 3, lita 270 ke nan a rana. Na tsuguno wanda ake kora wa ruwa da buta ko ɗan bokiti, lita 3 ta ishe shi, watau lita 90. A ƙasar da rijiya ke ja da baya da bazara, na biyun ya fi dacewa da mu. Masai mai tanki wanda babu ruwa a cikinsa ya fi salga ƙazanta.

A raba ruwan wanka da na bayan gida. Na wanka da alwala a yi masa raminsa dabam, a cika da duwatsu, ko a kai shi gindin ayaba ko gwanda ko zogale. Na wanke-wanke a tace shi, kada tuwo da mai su toshe hanya. In aka haɗa duka a rami guda, da wuri zai cika.

Kafin a haƙa ramin da ake kira sokawe, a gwada ƙasa. A haƙa ɗan rami, a cika shi da ruwa, kashegari a sake cikawa. In ƙasa ta shanye, madalla. In ruwan ya wuni ya kwana yana nan, laka ce ko fā, ramin ba zai yi aiki ba a wurin. Masu gida kusa da fadama ko gonakin noman rani, su duba inda ruwan rijiya ke kaiwa a watan Agusta. Lalle gindin rami ya ɗara wannan da ƙafa 5. Inda dutse ya hana zurfi, sai a yi ramuka biyu marasa zurfi, a ɗaga bakinsu bisa ƙasa. A yi amfani da guda, in ya cika a rufe shi a koma ɗayan. Bayan shekara 2 abin da ke ciki ya zama taki, a kwashe a kai gona.

Yanzu ga babbar magana. Tsakanin ramin ƙazanta da rijiya a bar ƙafa 100, watau mita 30, kimanin taku 40 na babban mutum. Ramin kuma ya kasance a gangare, rijiya a tudu. A inda dutse ke da tsaga kamar namu, ƙazanta na iya bin tsagar ta yi nisa ba tare da ƙasa ta tace ta ba. Ba rijiyarka kaɗai za ka duba ba. Ka leƙa bayan katanga. Watakila kusurwar da ka zaɓa, taku 5 ne tsakaninta da rijiyar maƙwabcinka.

A 1854 cutar amai da gudawa ta faɗa wa wata unguwa a birnin Landan, ta kashe mutum fiye da 600. Wani likita, John Snow, ya bi gidajen mamatan yana tambaya, ya ga galibinsu daga famfo guda suke sha. Ya sa aka cire hannun famfon. Da aka tona daga baya, sai aka tarar ramin ƙazantar wani gida yana dab da rijiyar, yana yoyo a cikinta. Ruwan kuwa garau yake a ido, mutane har yabon daɗinsa suke yi. In filinka ya yi ƙanƙanta, ka nemi shawarar duba-gari na ƙaramar hukuma kafin ka haƙa, ku kuma zauna da maƙwabta ku daidaita, ramuka a gefe guda, rijiyoyi a gefe guda.

Murfin rami a zuba shi da kankare da rodi. Katako da kwano da aka rufe da ƙasa suna ruɓewa a ɓoye, su rufta da mutum. Ramin da ake cikin haƙa kada a bar shi buɗe da dare. In kuma rami ya cika, ko wani abu ya faɗa ciki, kada kowa ya shiga. Akwai iska a ciki mai kashe mutum kafin ya yi kira, ta kuma kashe wanda ya shiga ceto.

IN KUƊI KAƊAN NE

Sannu ba ta hana zuwa. Yadda aka gina gida kaɗan-kaɗan, haka za a sa masa ruwa, in dai an bi tsari. Shekarar farko, a zana gida, a zaɓi wurin rami da na rijiya, a bar guntayen bututu cikin harsashi. Ta biyu, a yi bayan gida da wurin wanka da ramukansu. Ko da bokiti ake kawo ruwa, za su yi aiki. Ta uku, a kafa tanki da kan famfo guda a tsakar gida, a yi masa daɓen siminti da mafita. Wannan famfo guda shi ne zai sauke tulu daga kan mata da yara. Sauran rassa su biyo baya in hali ya yi.

Haƙa da ɗaukar yashi da mayar da ƙasa, kai da 'ya'yanka kun iya. Amma awon gangara da haɗa masai, a nemi wanda ya iya. Kafin ka ba mutum aiki, ka je ka ga gidan da ya yi wa aiki shekara 2 da suka wuce, ka tambayi masu gidan. Ya rubuta maka kayan da ake bukata, ku je kasuwa tare, ka karɓi rasit. Ka riƙe wani abu daga ladansa sai an gwada an ga babu yoyo. Wannan ba rashin yarda ba ne, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

To, jama'a, abin da muka kawo muku ke nan. Wanda bai fara gini ba ya yi sa'a, takarda da fensir kaɗai yake bukata yau. Wanda ya riga ya gina, in ya koma gida ya auna taku nawa ne daga masansa zuwa rijiya mafi kusa. In bai kai ba, kada ya yi shiru, ya nemi shawara, a kuma riƙa tafasa ruwan sha kafin a gyara. Ku kai maganar nan ga waɗanda ba su sami zuwa ba. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa ake gwada rijiya da bazara?
2. Gida mai mutum 8, kowa lita 50 a rana. Jarka nawa ke nan mai cin lita 25?
3. Tanki mai cin lita 500, nauyin buhun siminti nawa ne in ya cika?
4. Bututun bayan gida mai tsawon ƙafa 20, inci nawa zai sauka?
5. Don me ba a binne bututu cikin bangon ƙasa?
6. Zana gidanku. Nuna rijiya, da masai, da inda ruwan wanka ke fita. Rubuta taku nawa ne tsakaninsu.